Mutumin da Ya Nuna wa Hayaƙi Hanya

Ranar da zan fara da ita rana ce ta zafi mai ɗanko. Hadari ya haɗo tun da safe ya tsaya cak a kan gari, bai zubo ba, bai kuma wuce ba. Ko ganye ba ya motsi. Riga tana manne wa mutum a baya, ƙudaje ma sun yi laushi a bakin kofin shayi. A irin wannan rana hayaƙi ba ya hawa sama, sai ya fito ya yi ta kewaye a ƙasa kamar baƙon da ya rasa masauki. A lokacin ban san haka ba. Daga baya aka koya mini, kuma wanda ya koya mini ɗin shi ne nake so in ba da labarinsa, gwargwadon yadda hannuna zai iya, don karatuna bai yi nisa ba.

Ni maƙerin zinariya ne. Shagonmu ɗaki biyu ne, ciki da waje. Ina zama a na waje, ina ƙera zobba da 'yan kunne. Ƙanena, wanda har ya yi furfura muke kiransa Auta, shi ke ɗakin ciki yana tacewa. Tsofaffin sarƙoƙi, karyayyun awarwaro, duk abin da aka kawo, shi zai narka, ya zuba a kwalba da asid, ya raba zinariyar da jan ƙarfe da azurfar da aka cakuɗa mata. In asid ya kama aiki, wani jan hayaƙi ne ke tasowa, ja mai duhu kamar tsatsa, mai kama maƙogwaro.

Ɗakin nan na ciki a rufe yake ruf. Tagar mun buga mata katako, ƙasan ƙofa mun cusa tsummoki. Haka muka tarar da mahaifinmu yana yi, haka kowa ke yi a layinmu. Dalilin kuwa shi ne, a wurinmu iska ɓarauniya ce. Garin zinariya ya fi garin kwalli laushi, kuma mun yi imani ko atishawa aka yi a kusa da shi wani abu ya tafi. Mukan share ɗakin da buroshi, mu ƙona sharar, mu tace tokar. Ruwan da muka wanke hannu ma ba ma zubarwa sai ya kwanta. Mutumin da ke tace sharar ɗakinsa, ina zai yarda ya buɗe taga? Duk shekara sai mun sake sakatar ƙofa saboda tsatsa ta cinye ta. Tela, maƙwabcinmu na dama, kullum yana mita wai alluransa suna yin ja tun suna cikin takarda. Mukan yi dariya mu ce ya sayi na kirki. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa, abin da ke cin ƙarfe haka, me yake yi wa ƙirji.

To, a ranar nan ta zafi, wajen la'asar, sai na ji ƙofar ciki ta buɗe, Auta ya fito yana dafa bango. Leɓunansa sun yi toka-toka. Ya buɗe baki zai yi magana, tari ya ƙwace maganar. Ni da Tela muka ɗauke shi zuwa asibiti. Kwanansa tara a can. Ranar da za a sallame shi likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin fitila ya nuna mana wasu wurare farare-farare, ya ce in ya koma shaƙar wannan hayaƙin, dawowarsa ta gaba ba da ƙafarsa zai fita ba. Auta ya saurara da ladabi. Da muka fito ya ce mini shi ban da tacewa bai iya komai ba, ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba, ga 'ya'ya uku, don haka ranar Asabar zai koma. Na san halinsa. In ya ce Asabar, Asabar ce.

A nan surukinsa ya shigo maganar, wato mahaifin matarsa. Ana kiransa Mai-Indararo. Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, tafin hannunsa duk tabon yankan kwano. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin kawunsa ya koyi aikin kwano, ya tashi yana yin bokiti, mazurari, murhun gawayi, amma abin da ya yi suna a kai shi ne indararo. In ya kafa maka indararo, ruwan rufinka zai bi inda ya ce, ɗigo ɗaya ba zai taɓa bangonka ba. Daga baya masu gashin burodi suka riƙa kiransa yana yi musu bututun hayaƙi. Matarsa ta rasu da wuri ta bar masa 'ya ɗaya, bai sake aure ba, shi ya yi mata uwa ya yi mata uba. Bugun guduma na shekara arba'in ya taɓa masa kunne, sai ka ɗaga murya yake ji, shi kuwa in zai yi magana can ƙasa-ƙasa yake yi, sai ka matso. Kafin wannan lokacin, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai.

Ranar Alhamis ya zo shagon, babu jakar kayan aiki, babu komai sai ƙunshin turaren tsinke a aljihu. Ya gaishe ni, ya nemi izinin shiga ɗakin ciki. Na ba shi kujera, ya ce a'a, ya zauna a ƙasa. Ya kunna tsinke ɗaya ya riƙe, ya zuba wa zaren hayaƙin ido. In ya ƙone sai ya matsa wani lungun ya kunna wani. Wani lokaci ya jiƙa bayan hannunsa ya kai kusa da tsagar bango, ya yi shiru kamar mai sauraron sirri. Ya ce in buɗe ƙofa, na buɗe. Ya ce in rufe, na rufe. Wuni biyu cur yana wannan. Tela ya leƙo ya ga tsoho zaune cikin turare, ya ja ni gefe ya ce ashe mai magani muka ɗauko ba mu gaya masa ba, don Allah in an gama a leƙa masa kekensa, tsalle yake yi.

Da yammacin rana ta biyu Mai-Indararo ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce mini iska ma ruwa ce, sai dai ita ba a ganinta, kuma in ta yi zafi gangarenta sama ne. Ya ce duk rayuwarsa bai taɓa yin faɗa da ruwa ba, hanya kawai yake nuna masa. Ya roƙi Auta ya ƙara masa kwana goma. Da wani ne ya roƙa, da Auta bai yarda ba, amma suruki ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, mutumin da ya yi rayuwarsa da kwano ya ce ba zai sa kwano ko tafin hannu ba. Ya ɗauki tsohuwar sakatarmu ya murje ta da yatsa ta zama gari, ya ce kwano ba zai yi wata uku a nan ba. Ya nemo farin bututun roba mai kauri irin na ruwa, da gilashin wata tsohuwar taga, da katako da ya shafe da kwalta ciki da bai. Ya haɗa wani akwati a kan teburin Auta, gabansa gilashi ne mai hawa da sauka, samansa ya tsuke kamar mazurarin da aka kifa. Tela ya sa masa suna malfa, sunan da ya bi shi har yau a layinmu. Daga kan malfar bututu ya huda bango ya fita bayan shago, ya shiga wata gangar roba da ya cika da tsakuwa, ruwan soda yana ɗiga a kanta daga sama, don hayaƙin ya yi wanka kafin ya wuce. Fankar kuwa can ƙarshe ya sa ta, bayan gangar. Na tambaye shi me ya sa bai sa ta a bakin malfa ba inda za a gan ta. Ya ce so yake ta ja, ba ta tura ba, don ko wata rana bututun ya tsage, iska ce za ta shiga ta tsagar, ba hayaƙi ne zai fito ba. Daga fankar wani bututun ya miƙe sama ya wuce rufin kowa a layin, don kada mu cire abu daga ƙirjinmu mu zuba a na Tela.

Duk wannan mun kalla da jin daɗi. Sai a rana ta tara ya ɗauki kurfi da guduma ya durƙusa a bangon da ke fuskantar teburin, can ƙasa, ya fara fasawa. Rami ya yi mai faɗin taƙi biyu, ya sa masa raga, ya kafa wani allo a gabansa a karkace. Na dubi Auta, Auta ya dube ni.

Ranar gwaji, Auta ya zuba asid a kwalba a cikin malfa, ya sauke gilashi rabi, aka kunna fanka. Jan hayaƙin ya taso yadda ya saba, ya kumbura, ya nufo fuskar Auta. Shekara talatin ina ganin wannan hayaƙin yana yin abin da ya ga dama a ɗakin nan, yana lasar bango, yana kwanciya a kan kafaɗar ƙanena. Ranar nan ya zo daidai bakin gilashin sai ya tsaya, kamar an kira sunansa ta baya. Ya lanƙwasa a hankali, ya tattara kansa ya zama igiya ɗaya, ya haye cikin mazurarin ya ɓace. Wani ya taso, shi ma ya bi sahu. Muna tsaye taku biyu daga kwalbar, amma hancina ba ya jin komai sai warin kwaltar katako. Tela da bakinsa ba ya rufuwa, ranar a hankali ya ce, yadda tsohon nan ya juya hayaƙi, ko akuya ce sai haka. Muka fita baya muka ɗaga kai, abin da ke fita daga bututun sama ɗan fari-fari ne da ƙyar ake ganinsa. Mai-Indararo bai ko yi murmushi ba. Ya ce a riƙa sake ruwan gangar duk mako, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Yanzu zan faɗi abin da muka yi, ko da yake ba daɗin faɗi gare shi ba. Kwana uku da tafiyarsa, ni da Auta muka tsaya a kan ramin nan. Kana jin iska tana shigowa tana shafa maka ƙafa. Auta ya ce, Yaya, malfa na nan, fanka na nan, ganga na nan, wannan ramin fa na mene ne in ba ƙofar ɓarauniya ba? Ni ma abin da ke raina ke nan. Muka ce ai tsoho ne, aikin kwano ya sani, bai san zinariya ba. Ni da hannuna na kawo tsummokin. Muka cusa, muka jingina bulo, muka mayar da na ƙasan ƙofa. Fankar ma sai kukanta ya ƙara kaifi, muka ce ka ji, yanzu ta sami ƙarfi.

Ba a yi wata ɗaya ba tarin ya dawo. Auta yana ɓoyewa, yana shiga bayan shago ya yi abinsa, amma ba a ɓoye wa matar da ke wanke maka hankici. Ita ta je ta gaya wa mahaifinta.

Da hantsi suka zo tare. Tun daga bakin layi, in ji ta, ya tsaya ya karkata kunnensa mai ɗan ji, ya ce fankar nan yunwa take ji. Da ya kama ƙofar ciki zai buɗe sai ta yi masa nauyi, kamar wani ya riƙe ta ciki. Ya shiga, bai dubi kowa ba, ya nufi ramin. Ya ɗauke bulon. Ya zaro tsummokin ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya kakkaɓe ya ninke ya ajiye a gefe. Da zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi. Sannan ya aiki 'yarsa ta karɓo gwangwanin madara a wurin mai shayi. Ya huda shi wuri ɗaya ya kifa a kofi, madara tana fitowa da ƙyar, ɗigo-ɗigo. Ya huda ɗaya gefen, sai ga ta shar. Ya ce ɗaki ma haka yake, ba abin da zai fita sai wani abu ya shigo ya maye gurbinsa. Fankarmu wata guda tana ta juyi a banza, hayaƙin yana zuwa bakin malfa ya dawo.

Auta ya ce ya gane, kansa a ƙasa. Amma ya ce, Baba ya yi haƙuri, zinariyar da ke teburin nan amanar mutane ce, in iska ta ɗebi ko ƙwayar gero ce, sunansa ne ya tafi, kuma mai tacewa ba shi da abin da ya wuce sunansa. Gara ƙirjinsa da a ce ya ci amana.

Tsohon ya dubi Auta. Sannan ya ce, da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa:

"Ita kaɗai gare ni. Na ba ka ita ne don ku tsufa tare."

Ya juyo wurina ya ce ba ya so a yarda da shi don yana suruki. A kawo garin zinariya, a auna a sikelina, a zuba a buɗaɗɗen faranti a kan tebur, a bar ramin a buɗe, fanka tana aiki, daga yanzu har la'asar. In ya ragu ko yaya, shi da kansa zai kawo siminti ya toshe ramin. Auta ya ce ba zai yi gwaji da kayan mutane ba. Kafin wani ya sake magana, matarsa ta kai hannu kunnenta ta ciro ɗan kunne ɗaya ta ajiye a gabana. Na san shi, na mahaifiyarta ne. Ta ce, "Yaya, goge shi." Na dubi tsohon, ya kau da kai. Na ɗauki zarto mafi laushi na goge shi har ya zama gari, irin garin da muke tsoron atishawa a kansa.

Na auna sau biyu, Auta ya auna sau ɗaya, muka bar duwatsun awon a tafin sikelin yadda suke. Aka zuba garin a farantin gilashi. Muka zauna a ɗakin waje, ƙofa a buɗe muna hangen farantin. Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Masu kawo aiki suka zo na ce su dawo gobe. Tela ya shigo da ɗinkinsa ya zauna, ya ce shi ne alƙali, kuma alƙali ba ya zama da yunwa, a sayo masa wani abu. Ba wanda ya yi dariya sai matar Auta, ita ma a taƙaice. Tsohon yana zaune a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa, ko ruwa bai sha ba.

Da la'asar ta yi na ɗauko farantin. Na share garin da gashin tsuntsu zuwa tafin sikeli, na ɗaga. Allurar ta yi lilo dama, ta yi hagu, ta yi dama, ta zo tsakiya ta tsaya. Auta ya karɓa ya ɗaga da kansa. Ta sake tsayawa a inda ta tsaya. Iskar da ta isa ta juya hayaƙi kamar akuya, ta wuni tana wucewa ta kan garin nan ba ta ɗauki ko ƙwaya ba. Auta ya ajiye sikelin, ya je ya kwashi tsummokin da aka ninke, ya fita da su ya jefa a kwandon shara na titi. Mu da ba mu taɓa zubar da tsumman ɗakin nan ba sai mun ƙona mun tace.

Sai bayan shekaru tsohon ya gaya mini cewa ranar awon nan shi ma tsoro ya kama shi. Ya ce kafin ya fasa bangonmu sai da ya yi kwana shida a gidansa yana gwaji da garin farin ƙarfe da na tagulla, yana matsar da allon nan, yana sake karkatarsa, har ya sami inda iska za ta shigo da yawa amma a sanyaye, ta bazu kafin ta kai tebur. Amma da zinariya bai taɓa gwadawa ba, don bai taɓa mallakarta ba.

Labari ya bazu a layin. Ɗaya bayan ɗaya masu tacewa suka riƙa zuwa, wasu da tarinsu, wasu matansu ne suka turo su. Malfa goma sha ɗaya ya yi kafin ya daina, kuma ba biyu da suka yi kama, don kowane ɗaki sai ya zauna a cikinsa tukuna. Kowane mai shago kuwa, in aka zo fasa ramin ƙasa, sai fuskarsa ta canja irin yadda tamu ta canja. Bai taɓa gardama da kowa ba. Yakan ce a kawo sikeli.

Auta bai warke sarai ba. Likita ya ce abin da ya ƙone ya ƙone, amma ɓarnar ta tsaya inda take. Shekara goma sha huɗu ke nan, har yanzu yana tacewa, yakan yi tari da safe, ya aurar da 'ya'yansa biyu.

Mai-Indararo yana nan da ransa. Gwiwoyinsa sun daina ɗaukar tsani, kunnen ma ya tafi gaba ɗaya. Yana zaune a gidan Auta, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, 'yarsa tana kula da shi.